Ranar da Mama Rahila Ta Hana Nono

Ku da kuka san Mama Rahila, na san tun kafin in fara kun riga kun ji muryarta a kunnenku. Jariri ya yi kuka a ko'ina ne, a kasuwa, a layin famfo, a gidan biki, sai ka ji an daka tsawa daga bayanka: "A ba shi nono!" Ba ta tambayar ɗan waye, ba ta tambayar me ya same shi, ba ruwanta da ko uwar ta taɓa ganinta. Ni Laraba 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na girma a nan unguwar Yelwa, cikin Jalingo, kuma Allah ya sani sau nawa na so ƙasa ta tsage in shige saboda wannan tsawar.

Kun tuna ranar coci? Fasto ya hau bagadi, wa'azi ya yi daɗi, har ya cire tabarau yana share gumi, sai wani jariri ya tsala kuka a layin baya. Mai tsaron ƙofa ya lallaɓa ya ce wa uwar ta ɗan fita da shi. Yarinya ce sabuwar haihuwa, ta miƙe za ta fita. Sai ga Mama ta tashi tsaye da ɗankwalin zumuntar mata a kanta.

"Fasto, dakata."

Coci ya yi tsit.

"Ina za a kai shi? Waje rana ne. Zauna, 'yata, ba shi nono a nan."

Fasto ya yi murmushin dole ya ce, "Mama, muna cikin Maganar Allah."

"Maganan Allah ba zai gudu ba. Kai ma haka ka yi mana ihu ranan da ka zo duniya, ni na kama ka, ban kai ka waje ba."

Bawan Allah ya mayar da tabarau ya ce mawaƙa su ba mu waƙa ɗaya. Daga ranar, ko tari jariri ya yi, Fasto ba ya duban uwar, bencin Mama yake duba.

Wata rana kuma muna cikin keke za mu unguwar Barade gaisuwa, sai kukan jariri ya tashi a kusa da mu. Mama ko juyawa ba ta yi ba, ta ce, "A ba shi nono!" Wani saurayi da ke gaba kusa da mai keke ya laluba aljihu ya ce, "Mama, waya ce, ringin ɗina ne." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka rasa abin da za ka sa a waya sai kukan ɗan mutane? Uwanka ya sani?" Ta sa shi ya canza kafin mu sauka, kuma ta tsaya sai da ta ji sabon ta amince.

Aikin ungozoma ta yi duk rayuwarta, a wani ƙaramin asibitin haihuwa, har ta yi ritaya. Ritayar a takarda ce kawai, don har ta tsufa ana buga mata ƙofa. Ga maƙo kuma, kai! Ganyen shayi sai ya daina ba da kala take rabuwa da shi, shi ma ba zubarwa take ba, a gindin barkono take juye shi. Safar hannu ta roba, wadda kowa ke yarwa, ita wanke ta take ta shanya a igiya don aikin gida. In ka shigo gidanmu sai ka ga hannuwa jere suna lilo kamar suna yi maka sannu da zuwa. Na taɓa jefar da guda ɗaya da ta huje a babban yatsa, ta tono ta daga shara ta ce sauran yatsu huɗun me suka yi mini.

Abokiyar faɗanta ita ce Dada Mairo, maƙwabciyarmu, tsohuwar Bafulatana da katanga ɗaya ta raba mu. Akwai wani wuri da bulo ya faɗi a katangar, ta nan suke miƙa wa juna gishiri da daddawa da baƙar magana. Tushen rigimarsu daƙashi ne, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da ke zuwa kafin farin nono. A wajen Dada wannan ƙazanta ce, a tatse a zubar, a ba jariri ruwan ɗumi da nonon saniya har farin ya sauko. Haka aka yi mata, haka ta yi wa nata. A wajen Mama kuwa zubar da daƙashi ya kusa kai kisan kai.

Ranar da surukar Dada ta haifi Umaru, jikanta na fari, Mama ce ta karɓi haihuwar. Tana gama yanke cibi ta ɗora yaron a ƙirjin uwar, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Dada ta zo da ƙaramar ƙwaryarta.

"Rahila, tashi in wuce."

"Sai ya sha."

"Wannan fa gidana ne."

"Gidan naki ne. Nonon ba naki ba."

Haka Umaru ya sha daƙashinsa a gaban kakarsa tana salati. Tun daga nan yaron ya zama filin yaƙinsu. In ya ci jarrabawa, Mama ta leƙa ta ramin katanga ta ce, "Daƙashi ne." In mura ta kama shi, Dada ta leƙo ta ce, "Daƙashi ne." Da haka ya girma, ya tafi jami'a, ya dawo likitan dabbobi.

To, yanzu na zo kan kyanwar. Wata da suka yi aiki tare ce ta bar wa Mama ita da za ta tashi daga garin, wai jikar magen wasu Turawa ce. Toka-toka, ƙatuwar fuska, ga isa. Ba ta kama ɓera. Da safe sai ta zaga ɗaki-ɗaki tana duba ko an yi shara, ta koma kan kujerar Mama ta kwanta. Shi ya sa Mama ta sa mata suna Matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya a asibiti. Matar da ko ganyen shayi ba ta zubarwa, ita ce ke zuwa babbar kasuwa da ƙafa ta zaɓo wa kyanwa busasshen kifi. Na ce, "Mama, mu fa?" Ta ce, "Ku kuna da hannu."

Matiron da duk isarta ba ta ga wanda ya yi mata ba sai muzurun gidan Dada, wani baƙi mai yagaggen kunne da ke kwana a kan shara. Mama ta jefe shi da takalmi har ta gaji, a ƙarshe ta haƙura tana kiransa surukin banza. Da ciki ya fito sai murna ta kama ta. Ta nemo kwali, ta shimfiɗa tsohon farin zane, ta zaɓi safar hannu mafi lafiya a igiya.

Haihuwar farko 'ya'ya uku ne, kyawawa, masu ƙarfi. Kowane ya faɗo, Mama ta goge shi ta kai bakinsa kan nono da yatsanta, tana cewa, "Sha, sha, wannan ne magani." Suka sha har cikinsu ya yi tulu. Kafin a yi nisa sai suka daina kama nono. Suka yi laushi, kukansu ya koma ƙasa-ƙasa. Fitsarinsu ya ɓata farin zanen da wani ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. Mama ta buɗe bakin ɗaya ta ga dasashin ya yi ɗorawa. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, mako bai zagayo ba. Ita ta haƙa musu rami a gindin mangwaro, ba ta bar ni na taɓa fartanyar ba.

Haihuwa ta biyu ma haka. Wannan karon Mama ta ƙara himma, ta ce ƙila ba su sha da wuri ba ne, don haka tun suna jiƙe take manna su. Huɗu aka haifa, ɗaya ya rayu da ƙyar, shi ma kan jelarsa ya bushe ya faɗi. Shi ne Guntu, wanda kuke gani a kan katanga har yau. Matiron ta yi ta zaga gida tana kira, tana leƙa ƙarƙashin gado, nono ya cika mata ciki. Mama ta daina cin abinci sosai. Na same ta rannan tana zaune a ƙasa kusa da kwalin, hannunta a kan kyanwar, ba mai motsi a cikinsu.

A ranar ne Dada ta leƙo ta ramin katanga. Ba da mugunta ta yi ba, ta'aziyya ta zo yi irin tata. Ta ce, "Rahila, sai haƙuri. Nonon fatun nan, kyanwar taki, shi ne ba kyau. Akwai uwa haka, nononta ne ke kashe 'ya'yanta."

Na sa ran ashar ko takalmi. Sai Mama ta tashi. Ta ɗauko bulo daga bayan ɗaki, ta toshe ramin, ta cusa tsumma a gefe. Shekara da shekaru suna zagin juna ba a taɓa toshe ramin nan ba. Na tambaye ta, ta ce in je in duba tukunyata.

Da Matiron ta sake ɗaukar ciki, ni na kira Umaru. Lokacin na yi aure ina unguwar Turaki, amma kullum ina leƙo ta, kuma na ga in aka sake haƙa rami a gindin mangwaron nan, tsohuwar ba za ta ɗauka ba. Umaru ya zo da jakarsa, yana warin maganin shanu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya, ɗan daƙashi. Wa ya kira ka?"

Ya yi ta tambaya, ta yi ta amsawa kamar mai ba da rahoto ga babban likita. Lafiya aka haife su? Lafiya. Sun sha nono da wuri? Ta ce tun kafin su bushe. Fitsari fa? Ta gaya masa. Ya duba jelar Guntu. Sannan ya ɗibi jinin Matiron ya ajiye har ruwansa ya taso sama, ya ɗibi ɗigon jinin Guntu, ya haɗa su a kan ɗan gilashi yana juyawa. Muna kallo abin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, kamar an zuba gari a tafasasshen ruwa ba a dama ba.

Ya ce, "Mama, kyanwoyi ma jininsu iri-iri ne, kamar mutane. Na Matiron irin wanda ba a cika samu ba ne. 'Ya'yan kuma jinin ubansu suke ɗaukowa. A jikinta akwai abin da ke faɗa da irin jininsu. Suna ciki ba ya kai musu, shi ya sa ake haifarsu lafiya. A nonon farko yake fitowa. In suka sha a ranar farko, hanjinsu a buɗe yake, sai ya wuce cikin jininsu ya farfasa shi. Bayan yini da kwana hanjin ya rufe, ko sun sha ba abin da zai yi musu."

Mama ta ce, "To?"

Ya ce, "To in ta haihu, a ɗauke su kafin su kama nono. A rufe ta daban. A ba su madarar da zan kawo da sirinji. In lokacin ya cika a mayar mata."

Kafin Mama ta buɗe baki sai muka ji guɗa daga bayan katanga. Ashe Dada ta tura tsumman tana saurare.

"Ayyururui! Ba na faɗa ba? Tun yaron nan yana tsumma nake faɗa! A zubar da daƙashi! Yau ga likita ya faɗa, kuma jikana!"

Umaru ya juya wajen katanga ya ce, "Dada, a kyanwa ne, kuma ba kowace kyanwa ba. A mutum Mama ce da gaskiya har gobe. Jaririn mutum a ba shi daƙashi."

"Munafuki!" in ji Dada.

"Fita mini a gida," in ji Mama. "Da hannuna na sa nono a bakinka, yau kai ne za ka zo ka ce uwa ya kashe ɗanshi da nono?"

Haka ya fita da zagin tsofaffi biyu a kansa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Na bi shi waje ina dariya ina ba shi haƙuri. Da na dawo sai dariyar ta ɗauke. Mama ta ɗauki gilashin ta fita da shi rana, ta ɗaga shi tana duba, ta daɗe tana duba. Ba kallon wanda bai gane ba take yi. Washegari Umaru ya aiko da gwangwanin madara da sirinji ƙanana. Ta ɗora su a taga ta ce za ta yi shayi da ita.

Kowace rana in na zo sai in duba gwangwanin, yana nan ba a buɗe ba. In na ɗauko maganar sai ta ce, "Ke kin taɓa karɓan haihuwa?" Cikin Matiron kuwa sai girma yake. Gaskiya na fid da rai, har na fara tunanin yadda zan sace kyanwar in kai gidana.

Wata safiya ta aiko a kira ni, bayan ruwan sama ya ɗauke. Na iske ta a tsugune gaban kwalin da safar hannunta. A gefe akwai wani kwali na biyu da gorar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, ga gwangwanin a buɗe. Ban ce komai ba, don na san in na yi magana za ta fasa.

Na farko ya faɗo. Matiron ta lashe shi, ta cinye mabiyiya, ɗan abin ya fara jan ciki yana laluben nono da hancinsa. Na ga hannun Mama ya tafi yadda ya saba, ya tallabe shi ta baya zai tura shi gaba. Leɓenta ya motsa. Bakin ɗan ya kusa kai wa. Sai ta rufe ido, ta ɗauke shi, ta sa a kwali na biyu.

Huɗu ta haifa, huɗu Mama ta ɗauke. Da aka gama ta ɗauki Matiron da kanta ta kai sito, ta ajiye mata ruwa da kifi, ta ja ƙofa ta sa sakata. Sai kuka ya tashi. Ban taɓa sanin kyanwa na iya irin wannan kukan ba. Tana yakushin ƙofa, tana tura hannu ta ƙasa, 'ya'yan na amsa mata daga kwali. Mama ta jawo tabarma ta zauna, ta jingina bayanta da ƙofar siton, ta ɗauki sirinji. Ɗigo-ɗigo take ba su, in sun gama ta shafa gindinsu da jiƙaƙƙiyar auduga har su yi fitsari, ta ɗaga audugar ta duba.

Bayan azahar sai ga sallama a ƙofar gida. Dada ce, ta zagayo ta titi da sandarta, tana riƙe da ƙwaryar nono. Na ce yau za a yi ta. Ta shigo ta ce, "Na kawo wa marayun kosam, na saniya, mai kyau."

"Jikanki ya ce na saniya zai ba su zawo."

"Shi me ya sani? To ke sha."

Ta zauna a bakin tabarma ba a ba ta wuri ba. Matiron ta sake tsala kuka a bayan Mama, har ƙofar na motsi. Dada ta buɗe baki, na tabbata gori za ta yi, sai ta ga fuskar Mama ta fasa. Hawaye ne ke bin kumatun tsohuwar yana ɗiga a kan safar hannu. Ni da na girma a ɗakinta ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne babana.

Ba mu tambaye ta ba, ita ta fara, idonta a kan ɗan kyanwar da ke tafinta.

"A ƙauyen mu can bayan Zing aka yi mini aure. Ciki na farko ya zube. Na biyu ya zo da rai, namiji. Na ba shi nono, ya sha. Ido ya yi ɗorawa, jiki ya yi ɗorawa, ya tafi. Uwan mijina ya ce nono na ne, wai yana da dafi. Da na haifi na gaba, ko taɓa shi ban yi ba. Suka ɗauke shi suka kai ɗakin tsohuwan, suka rufe ni. Ina ji yana kuka, nono yana zuba har zane na ya jiƙe. Ina buga ƙofa. Suna ba shi ruwa da nonon akuya. Shi ma ya yi ɗorawa ya tafi. Na ƙarshe mace ne. Shi ma haka, ta ƙofa na ji muryanshi. Ban ga fuskanshi ba sai da aka naɗe."

Ta ajiye ɗan, ta ɗauki wani.

"Suka ce in koma gidan mu. Na zo Jalingo, na shiga aikin asibiti. Can wata rana mai gwajin jini ya duba nawa, ya tambaye ni labarin haihuwa na, ya ce jini na da na mijin ne bai haɗu ba. Tun a ciki abin yake kama yaran. Nono ba ruwanshi. Ko na ba su, ko ban ba su ba, a wancan lokacin a ƙauye ba mai ceton su. To da sun bar ni na ba su. Tunda za su tafi, da sun tafi da nonon uwansu a ciki." Ta share hanci da gefen zane. "Wa zan gaya wa? Tsohuwan ya riga ya mutu. Sai na ce duk yaron da ya yi kuka a gabana, sai ya sha. Yau ga shi ni ne na sa sakata."

Mun san ta yi aure can da, mun san ba ta da ɗa, iyakar abin da aka gaya mana ke nan. Duk tsawar nan da nake jin kunyarta a kasuwa, ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Tausayinta ya kama ni.

Sai Dada ta ce, "Rahila, shekara nawa muna katanga ɗaya, ba ki faɗa mini ba. Na zo na ce miki akwai uwa mai mugun nono. Allah ya yafe mini bakina." Ta matso, ta cire sirinjin daga hannun Mama kamar tana karɓar wuƙa a hannun yaro. "Kawo. Ke tashi ki sha nonon nan. Waccan ƙofar ba su buɗe miki ba. Wannan gobe za ki buɗe ta da hannunki."

Mama ta ce, "Ba haka ake riƙe shi ba, za ki shaƙe shi."

"Na yi renon 'yan maruƙa tun ba a haife ki ba."

"Wannan ba saniya ba ne!"

Na bar su suna wannan kafin magariba, don yarana na jira. Dada ba ta koma gida ba ranar, a nan ta yi sallolinta a kan tabarmar Mama.

Washegari na dawo na tarar da Umaru ya riga ni, yana tsaye nesa kaɗan inda takalmi ba zai kai ba. Tsofaffin idonsu ya yi ja, Matiron muryarta ta dishe. Mama ta miƙa masa audugar ba tare da ta dube shi ba. Fara tas, ba ɗigon ja. Ya buɗe bakin kowane ɗa ya duba dasashi, ya duba agogo, ya ƙara jira kaɗan don a tabbata. Sannan ya ce, "Mama, buɗe."

Ta tashi da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta zare sakata. Matiron ta fito kamar an harbo ta, isa da sarauta duk sun tafi, ta faɗa kwalin tana lasar wannan tana jawo wancan. Mama ta durƙusa, ta cire safar hannu ta ajiye, ta ɗauki 'ya'yan ɗaya-ɗaya da hannunta tsirara tana kai bakinsu. Ba tsawa wannan karon. A hankali ta faɗa, kamar mai roƙo.

"A ba shi nono."

Duk huɗun suka rayu. Ɗaya na gidana, ɗaya na gidan Fasto, biyu Dada ta ƙwace wai 'ya'yan muzurunta ne. Bulon katanga ya koma bayan ɗaki. Da aka yaye su Umaru ya ce gara a yi wa Matiron aiki ta daina haihuwa, muka shirya jin faɗa, sai Mama ta ce, "A yi. Ya goyi nashi, ya isa." Umaru kuwa bai tsira ba. Duk inda ta gan shi sai ta ce wa mutane, "Kun ga wannan ƙwaƙwalwan? Daƙashi ne."

Damina ta gaba Mama ta kwanta ciwo, ba ta daɗe ba. Ranar da aka dawo daga binne ta kun ga yadda gidan nan ya cika, 'yan coci da 'yan masallaci, rabinsu ita ta yanke musu cibi. Ana zaune jugum sai wani jariri ya fashe da kuka a cikin mata. Wallahi kowa ya yi shiru, har da maza a waje, muna jira. Ba wanda ya yi tsawar. Yaron ya yi ta kuka. Sai Dada, da ke zaune a kan kujerar Mama da Matiron a cinyarta, ta buga sandarta a ƙasa ta ce da muryarta mai rawa, "Ku kurame ne? A ba shi nono!" Muka kwashe da dariya, dariyar ta juye kuka, har ita.

Ya Allah, ga Rahila nan ta zo maka. Ka yafe mata tsawarta da maƙonta, ka san ba ta taɓa yi wa jariri maƙo ba. 'Ya'yan mutane da ta karɓa ba su ƙirguwa, nata uku ne kawai, suna wurinka tun tuni. Ka miƙa mata su a hannu, har da ƙaramar da ba ta ga fuskarta da rai ba. Kada ka bar wata ƙofa a tsakaninsu. Amin.